Zango

zango (suna, namiji, jam'i: zanguna)

1. Wurin da ayari ko matafiya ke sauke kaya su kwana, galibi a bayan gari, kusa da tafki, rijiya ko fadama, inda dabbobi za su samu ruwa da kiwo. *Buzaye sun ya da zango a gefen tafki, sun durƙusar da raƙumansu kafin su shiga kasuwar Batsari.* A ƙasar Ruma da Safana, makiyayan da ke ratsa Dajin Rugu kan yi zango na kwana ɗaya ko biyu. In zaman ya ɗauki damina guda, sunansa mashekari.

2. Tafiyar yini guda daga masauki zuwa masauki. Da shi ayarin gishiri ke ƙirga hanyar Bilma zuwa Agadas. *Saura zango biyu mu isa.*

3. Unguwa ko garin da ya tsiro daga masaukin fatake, kamar Zangon Daura, Zangon Katab da Sabon Zango a Ankara ta ƙasar Gana.

4. Kashi ɗaya na shekarar makaranta. *An kammala zango na biyu.*

sarkin zango: mai kula da masauki. Shi ke tarbar madugu, ya nuna wa baƙi wurin ɗaure dabba da ɗiban ruwa, ya haɗa su da dillalai, ya sasanta rigima, ya adana ajiya. Aiki ne na amana, domin baƙo a hannunsa yake har ya tashi.

ya da zango: sauka domin kwana.

Duba: *ayari, fatake, madugu, mashekari, ruga*.