Daga Santiyago zuwa filin unguwa: wa muke miƙa wa usur?

Lakwal ta rufe, wasannin TGV na babban hutu sun kankama a unguwanni, daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tahoua zuwa Yamai. Akwai abin da muka sha gani: an ɗinka riguna, an ɗauko sono, an sayi kofi, sai ana dab da farawa a ce "to wa zai hura?" A jawo wani saurayi da ya zo kallo a danƙa masa usur. In wasa ya tashi da jifa, a ce arbit ne ya ɓata. Bari mu waiwaya mu ga yadda aka yi usur ɗin nan ya samu daraja.

Lokacin da Turawan Ingila suka rubuta dokokin ƙwallo a 1863, babu alƙali a tsakiyar fili. Kapiten biyu ke sasanta gardama. Daga baya kowace ekip ta riƙa zuwa da nata mai sa ido, na uku yana bakin fili, sai in biyun sun kasa daidaitawa a koma gare shi. Abin bai yi ba. A 1891 aka shigo da na ukun cikin fili aka ba shi cikakken iko, sauran biyu suka koma gefe. Wato su ma can sun gwada "mu shirya tsakaninmu", rigima ce ta koya musu hankali.

Katin gargaɗi ma rigima ce ta haife shi. A Kofin Duniya na 1962, wani Baturen Ingila, Ken Aston, ya hura wasan Chili da Italiya a Santiyago. Naushi da shuri aka yi ta yi. Ya kori 'yan Italiya biyu, na farkon sai da 'yan sanda suka fitar da shi. A 1966 kuma, Aston na shugaban alƙalan gasar, wani arbit Bajamushe ya kori Rattin, kapiten ɗin Ajantina, a wasansu da Ingila. Ba sa jin harshen juna, Rattin ya ƙi fita, wasa ya tsaya mintoci. Aston na tuƙa mota bayan wasan ya tsaya a fitilar hanya, sai dabara ta faɗo masa: ɗorawa, yi hattara, ja, tsaya. A 1970 a Meziko aka fara ɗaga katunan.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Aston malamin firamare ne, kuma da wasan ɗalibansa ya fara hura usur. Da ya tsufa bai naɗe hannu ba, ya yi shekaru yana zuwa Amurka yana horar da alƙalan gasar yara. Daga filin yara ya fito, can ya koma.

Mu ma muna da namu. Ranar 11 ga Yuni 1998, a Bordeaux, ɗan Nijar Lucien Bouchardeau ne ya riƙe usur a Kofin Duniya, kuma ikon Allah, Italiya da Chili ɗin ne dai. Chili na gaba da ci 2 da 1, saura kamar minti biyar, ƙwallon Baggio ta bugi hannun ɗan baya, ya hura fenariti. Aka tashi 2 da 2. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, bai sake hura wani wasa a gasar ba. Mutumin da ya riga ya hura a wasannin Olimpik na 1996 da gasar CAN ke nan, ya rasu a 2018. In gwani irinsa ya sha wannan matsi kan hukunci guda, yaya yaron da aka jawo daga cikin 'yan kallo, ba horo, ba mai kare shi, kuma gobe zai bi ta ƙofar gidan waɗanda ya hura wa?

Asarar biyu ce. Yara na tashi da tunanin cewa mai ƙarfin baki shi ke da gaskiya, tsohon arbit kuwa shi ya san yadda ake kashe wuta da kalma guda tun kafin a kai ga kati. Sannan saurayin da aka zaga ko aka mara yau, ba zai sake taɓa usur ba, alhali daga irinsa ake samun Bouchardeau na gobe.

Tsofaffin alƙalai suna nan cikin garuruwanmu, an san gidajensu. Masu shirya TGV, ku je ku gaishe su, ku sa kuɗin arbit cikin lissafi tun kafin na sono. A haɗa tsoho da matashi, wannan a tsakiya, wancan a gefe yana gyara masa. Dattawan unguwa su ja kunnen magoya baya tun ranar buɗewa.

Mu 'yan rediyo ma da laifinmu: sunan mai cin ƙwallo muke rerawa, arbit sai ya yi kuskure muke tuna shi. Bana za mu gyara. In akwai tsohon alƙali a unguwarku da ya kamata mu kai wa makirufo, ku sanar da mu. Allah ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya.