Kaifin Baki a Gaban Alƙali: Daga Kano Zuwa New Bell

Mu Hausawa muna girmama mai iya magana, amma shari'ar da muka gada tana ɗari-ɗari da shi. Tushen wannan tsoro hadisin Ummu Salama ne, inda Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi cewa wani kan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, har a yanke masa abin da ba nasa ba.

Saboda haka malaman Malikiyya suka yi wa harshe linzami. A Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, mutumin Garnaɗa da ya rasu a 1426, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa, aikin farko shi ne a tantance mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa. Shaida tana kan na farko, rantsuwa tana kan mai musu. Duk zaƙin bakin mutum, in ba shaidu, ya tashi a tutar babu. Sai kuma izari, wanda a ganinmu ya fi kome kyau: kafin hukunci, dole alƙali ya tambayi wanda shari'a ta juya wa baya ko yana da sauran magana. Mai in'ina da mai kunya, nan ce damarsu.

Da irin wannan tarbiyya fatakenmu suka sauka Duwala, suka zauna a New Bell, unguwar da Jamusawa suka keɓe a bayan gari gab da yaƙin 1914. Rigimar bashi ko ta aure, a zauren Sarkin Hausawa da liman ake fara kashe ta.

Amma dokar Faransawa ta 1927 ta ɗora jami'in mulki Bature a kan kujerar kotun 'yan ƙasa, da mashawarta a gefensa. Bature ba ya jin Hausa, Bahaushe ba ya jin Faransanci. Nan fa kaifin baki ya koma hannun tafinta: ya ga dama ya tausasa, ya ga dama ya ƙara gishiri, kuma a kan lafazinsa ake gina hukunci.

Dokar 1969 ta bar kotunan gargajiya, da sharaɗin yardar ɓangarorin biyu. Wanda ake ƙara yana iya ƙi tun farko, sai magana ta koma kotun zamani. Shi ya sa yau ɗan kasuwar Ndogpassi kan fara lissafin kuɗin lauya tun bai nemi shaidunsa ba.