Cutar Lyme Da Magungunan Ƙarin Abinci

Cutar Lyme na ɗaya daga cikin cututtukan da cizon kaska ke haddasawa, kuma ta fi yawa a arewacin Amurka da Turai. Ta samo sunanta ne daga garin Lyme na jihar Connecticut, inda aka lura da yawaitar ciwon gaɓoɓi a tsakanin yara a shekarar 1975. A 1982 ne masanin kimiyya Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar cutar, wadda aka sanya wa suna Borrelia burgdorferi.

Alamar farko galibi jan tabo ne mai faɗaɗa a wurin cizon, cikin kwana 3 zuwa 30, tare da zazzaɓi da ciwon kai. Likitoci na magance ta da doxycycline ko amoxicillin na tsawon makonni kaɗan, kuma yawancin marasa lafiya na warkewa.

Sai dai wasu na ci gaba da fama da kasala, ciwon jiki da yawan mantuwa fiye da wata 6 bayan kammala shan magani. Wannan ne ke sa da dama komawa ga magungunan ƙarin abinci irin su kurkum, tafarnuwa, citta da bitamin D.

A shekarar 2020, masu bincike daga Jami'ar Johns Hopkins sun gano cewa tsiron Cryptolepis sanguinolenta, wanda ake kira nibima a Ghana kuma ake sha domin zazzaɓin cizon sauro, ya kashe ƙwayar cutar a ɗakin gwaji. Amma nasarar ɗakin gwaji ba hujja ba ce ta warkar da ɗan Adam.

Akwai kuma haɗari. Ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe da na kalsiyam suna rage shigar doxycycline cikin jini idan aka sha su tare. Yawan tafarnuwa na iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini, yayin da aka danganta wasu ƙwayoyin kurkum da lahanin hanta. Haka kuma, hukumar FDA ta Amurka ba ta tantance ingancin irin waɗannan kayayyaki kafin su shiga kasuwa.

Don haka wajibi ne mara lafiya ya sanar da likitansa duk abin da yake sha, kada ya maye gurbin maganin asibiti da su. Cire kaska daga jiki cikin sa'o'i 24 na rage yiwuwar kamuwa ƙwarai.