Tarihin Jan Bakin Da Ba Ya Gogewa

 Na san a cikinku akwai wadda ta taɓa caɓa ado za ta gidan biki, kafin a gama cin abinci jan bakin ya koma jikin kofi, hoda ta bi gumi. To wannan damuwa ta daɗe tana cin mata tuwo a ƙwarya, kuma neman maganinta ya ci idon wasu, ya ci ran wasu. Yau tarihinsa za mu bi.

Mu fara da ƙasar Masar. Fiye da shekara 4,000 da suka wuce, mazansu da matansu suna niƙa wani dutse mai ƙyalli su zizara a ido. Irin dutsen nan ne kwallin da kakanninmu ke zubawa a tandu, kuma asalinsa dalma ce haɗe da farar wuta. A Turai kuwa, a ƙarni na 16, matan masu hali farar dalma suke kwaɓawa da ruwan tsami su shafe fuska don su yi fari fat. Abin yana zama a fuska, amma yana cin fata, yana zubar da gashi. Akwai wata kyakkyawa a Ingila, Maria Gunning, da ta rasu a 1760 tana da shekara 27, kuma an daɗe ana danganta mutuwarta da wannan shafe-shafe.

Jan baki irin na murzawa da muka sani bai daɗe ba. A 1923 ne wani Ba'amurke, James Bruce Mason, ya yi rajistar kwanson da ake murzawa jan bakin ya leƙo. Abin da ke ciki kuwa kakin zuma ne da mai da launi. Shi mai ba ya bushewa, shi ya sa duk abin da leɓe ya taɓa sai ya bar masa shaida.

'Yan kasuwa suka shiga neman abin da zai kama jiki. A 1933 a Amurka aka yi ta sayar da wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure. Mata da dama idanunsu suka kumbura suka yi gyambo, wasu suka makance, ɗaya ta mutu. Wannan na cikin dalilan da suka sa Amurka ta yi dokar 1938, wadda ta ba hukuma ikon sa ido kan kayan kwalliya. Ki riƙe wannan, uwargida: sinadarin da ya yi ɓarnar, wanda ake kira PPD, shi ne dai ke cikin yawancin dayis ɗin da ake zana wa amare don ƙunshi ya fito baƙi wuluk.

Sai ga wata mace ta shigo fage, Hazel Bishop. An haife ta a 1906, ta karanta kimiyyar haɗa sinadarai, ta yi aiki da likitan fata, sannan da kamfanonin man fetur. Idan ta taso daga aiki sai ta shiga kicin ɗin mahaifiyarta tana gwaje-gwaje, har fiye da sau 300. Dabararta ita ce ƙara wani rini da ke shiga fatar leɓe ya rina ta, kusan yadda lalle ke kama hannu. A 1950 aka fara sayar da jan bakinta a birnin New York kan dala 1, a 1953 kuwa cinikin shekara ya haura dala miliyan 10. Sai dai wanda ya zuba jari ya fi ta hannu a kamfanin, rigima ta ɓarke, a 1954 ta fita ta bar kamfanin da ke ɗauke da sunanta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Shi ma jan bakin yana da nasa aibi, domin yana busar da leɓe.

An shiga shekarun 1990 kafin a samo wata hanya. A 1994 kamfanin Revlon ya fito da ColorStay, sauran kamfanoni suka bi sahu. Bari in bayyana miki yadda irin waɗannan ke aiki. Akwai sinadaran da ake kira folima, dangin roba da ƙaro. Wasu ana narkar da su a cikin mai. Wasu kuma ana yin su ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, a watsa su cikin man su yi ta yawo ba tare da sun narke ba, kamar ƙullun koko a cikin ruwa, a sa wani sinadarin da zai hana su dunƙulewa ko kwantawa a ƙasa. Man da ake zaɓa mai saurin tashi ne, kamar turare. Kina shafawa, cikin 'yan mintoci man ya bi iska, ƙwayoyin nan su matso su manne da juna, su zama wata siririyar yana irin wadda kunu ke yi idan ya huce. Launin yana ƙulle a cikinta, ita kuma tana miƙewa idan kin yi dariya. Da wannan dabara ake yin fandeshan da maskara da man kare fata daga rana waɗanda gumi ba ya wankewa.

To amma kowane allazi da nasa amanu. A 2021 masana a Jami'ar Notre Dame ta Amurka suka auna kayan kwalliya 231, suka ga alamar wasu sinadarai da ake kira PFAS a fiye da rabinsu, musamman maskarar da ruwa ba ya wankewa da jan baki na ruwa. Waɗannan sinadarai ba sa ruɓewa da wuri, suna taruwa a jiki, kuma an danganta wasunsu da cututtuka. A 2025 Faransa ta yi dokar hana su a kayan kwalliya daga farkon 2026. Ba kowane mai daɗewa ke ɗauke da su ba, amma dai ya isa ya sa mace ta duba abin da take saya.

Saboda haka ga shawarata. Idan a Nijeriya kike, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada araha ta ruɗe ki. Sabon abu ki fara gwada shi a bayan kunne, ki ba shi kwana 2. Kada ki kwana da kwalliya. Ruwa kaɗai ba ya cire irin wannan, sai ki sa man zaitun ko man kaɗanya a auduga ki goge a hankali, sannan ki bi da sabulu. Mai alwala ma ta tuna cewa an yi abin ne don ya hana ruwa taɓa fata. Kwallin dutse kuwa, don Allah a daina ɗura wa jarirai, domin dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Ado namu ne, babu mai raba mu da shi, amma da lafiya ake yinsa.