Daga ƙudan Morgan zuwa Xq28: tarihin wata tambaya

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilimin gado a nan Ingila ko Amurka ya ci karo da wannan tambaya: idan wata siffa tana rage wa mai ita yawan 'ya'ya, me ya sa ba ta ɓacewa daga cikin al'umma? Tambayar ta tsufa, ina so mu bi sawunta.

A 1910 Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Columbia ya ga wani ƙuda namiji mai farin ido a cikin dubban masu jan ido. Da ya bi zuriyarsa, sai ya tarar farin idon ya tsallake 'ya'ya, ya ɓullo a jikoki maza. Dalili shi ne siffar tana kan kuromozom X. Mace tana da X biyu, lafiyayyen yana rufa wa ɗayan asiri. Namiji kuwa ɗaya gare shi, daga uwa, abin da ke kai dole ya fito fili.

Haka ciwon rashin tsayawar jini ya yi a gidan Sarauniya Biktoriya. Ɗanta Leopold ya rasu da shi a 1884, 'ya'yanta Alice da Beatrice kuwa suka kai shi gidajen sarautar Rasha da Sifen alhali su ƙalau suke. A 1935 J.B.S. Haldane ya yi lissafin yadda irin wannan ciwo ke ɗorewa: kashi biyu cikin uku na X ɗin al'umma yana jikin mata ne, inda yake ɓuya, sannan sabbin sauye-sauye a ƙwayar gado suna cike gurbin waɗanda suka tafi da marasa lafiya. Akwai hanya ta biyu, wadda ta shafe mu kai tsaye. Ƙarancin sinadarin G6PD shi ma a kan X yake, yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini, amma ya yawaita a Afirka ta Yamma domin yana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Riba ta rinjayi asara ke nan, kamar dai labarin sikila, ko da yake ita ba a kan X take ba.

To, da wannan tunani aka tunkari batun maza masu sha'awar maza. A Yulin 1993 Dean Hamer na Cibiyar Binciken Kansa ta Amurka ya lura cewa abin ya fi yawa a dangin uwa. Ya duba wa da ƙane 40, ya ce 33 sun yi tarayya a wani yanki na X mai suna Xq28. Jaridu suka ɗauka da zafi, wai an gano ƙwayar. A 1999 George Rice da abokansa a Kanada suka duba wa da ƙane 52, ba su ga alamar ba. Sai a 2004 Andrea Camperio-Ciani na Jami'ar Padua ta Italiya ya ba da rahoton cewa mata dangin uwa na irin waɗannan maza sun fi haihuwa, wato abin da aka rasa ta wajen maza ana mayar da shi ta wajen mata. Dabarar ta yi kyau a takarda, to amma maza 198 kacal aka tambaya.

Ni a ganina a 2019 ne aka yi awo na gaske. Andrea Ganna da tawagarsa sun duba mutane sama da 470,000, akasarinsu 'yan asalin Turai. Wurare biyar suka samu masu alaƙa da saduwa da jinsi ɗaya, kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi, kuma babu ko ɗaya a kan X. Idan aka haɗa dukan ƙwayoyin da aka auna, sun bayyana kashi 8 zuwa 25 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane. Gado yana da hannu, amma ba yadda na Leopold ya bi ba. Ya fi kama da gadon tsayi, inda dubban ƙwayoyi ke sa ɗan hannu kowacce. Saboda haka ba wanda zai ɗebi jinin mutum ya faɗi inda sha'awarsa ta karkata, kuma marubutan binciken da kansu sun faɗi haka ɓaro-ɓaro.