Kafin ka danna "Clear cache": tarihin ɗan rumbun da ke cikin wayarka

1/ Ƙanena ya kira ni daga Sabon Birni, wai Facebook ɗinsa ya yi nauyi kuma waya na ta cewa wuri ya cika. Na ce ya goge kash, sai ya ce mene ne kash? Na duba na ga ni ma na shekara da shekaru ina gogewa ban san tarihinsa ba. Ga abin da na samu. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da misalin gida. Hatsi yana rumbu, amma Inna ba ta zuwa rumbu duk lokacin da za ta ɗora tukunya. Takan ɗebi na kwana biyu ta ajiye a ƙwarya kusa da murhu. Ƙwaryar nan ita ce kash. Rumbun kuma su ne manyan kwamfutocin kamfanin da ke can wata ƙasa.

3/ Dabarar ta girmi iyayenmu da yawa. A 1965 wani masani a Jami'ar Cambridge ta Ingila, Maurice Wilkes, ya yi rubutu kan ƙaramar ma'ajiya mai sauri da za ta riƙe abin da kwamfuta ke yawan nema, don kar ta riƙa komawa babbar ma'ajiya mai jinkiri.

4/ A 1968 kamfanin IBM ya sanar da kwamfutarsa System/360 Model 85 ɗauke da wannan ma'ajiya. Girmanta kilobayit 16. Hoto ɗaya da kuka ɗauka ranar sallah ya ninka wannan sau da yawa. Sunan daga Faransanci ya fito, daga kalmar da ke nufin ɓoyewa. 'Yan uwanmu na Maraɗi sun san ta.

5/ Mu dawo gida. GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, kuma ta ɗauki lokaci kafin ta iso ƙauyukanmu na Gobir. Wayoyin farko irin Nokia 3310 kira ne da saƙo kawai. Idan akwatin saƙo ya cika, sai ka zaɓi wanda za ka goge. Tun lokacin muka fara koyon goge-goge.

6/ Sai zamanin memori da Bluetooth ya zo. Ka je shagon tura a kasuwa, a cika maka da wa'azi da waƙa da fim. Ba ka buƙatar sabis don ka kalla. Daga baya Opera Mini da 2go suka shigo, kowa yana lallaɓa ɗan datansa kamar gishirin aro.

7/ A 2015 Facebook ya fitar da Facebook Lite, manhajar da ba ta kai megabayit 1 ba, don masu ƙananan wayoyi da raunin sabis, wato mu. Amma yau bidiyo ya mamaye komai. Duk abin da ka leƙa, manhaja na ajiye ɓangarensa a ƙwarya, har ƙwaryar ta cinye ɗakin.

8/ Yanzu ga inda na sha wuya. A Satumban 2021 aka katse sabis ɗin waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Cikin watan nan aka katse a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, zamanin Gwamna Tambuwal. Ina gida a lokacin.

9/ Babu kira, babu data. Abin da ya saura a waya shi ne dukiyarka: tsohuwar hira, saƙon murya, hotunan darasi. Mutanenmu na wajen Burkusuma wasu kan nemi layin Nijar, su je inda sabis ɗin tsallaken iyaka ke kamawa, don kawai a ce wa dangi muna nan lafiya.

10/ Ni kuma da shegen wayo, wayata ta yi nauyi, na shiga saitin WhatsApp na danna "Clear data" a maimakon "Clear cache". Nan take ya fitar da ni. Komawa sai da lambar da ake turowa ta saƙo a layina, layin kuma ba sabis. Makonni na yi ban ji sanarwar ajinmu ba. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

11/ Don haka ku riƙe bambancin. "Clear cache" zubar da ƙwarya ne, rumbu na nan, ba abin da ka rasa. "Clear data" kuwa yana mayar da manhaja kamar yau ka sauke ta: ya fitar da kai, kuma hirar da ba ka yi wa ajiya ba tana iya tafiya.

12/ A Android: Settings, Apps, zaɓi manhajar, Storage, sannan Clear cache. Sunayen kan ɗan bambanta tsakanin Tecno da itel da Samsung. Ka sani kuma, bayan gogewa manhaja za ta sake sauko da hotunan, kuma datanka za ta ci. Kar ka mayar da shi aikin kullum, sai wuri ya ƙure ko manhaja na sarƙewa.

13/ Bidiyoyin guruf da ke cika waya ba kash ba ne, waɗannan sai ka bi su da hannu. Idan kuma Baba ko Inna suka miƙo maka waya suka ce ta yi nauyi, don Allah karanta abin da ke rubuce kafin ka danna. Ƙanena dai ya samu wurinsa, na kuma gargaɗe shi kan maɓallin da ke kusa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.