Yadda Kwamfuta Ta Raya Tsohuwar Sana'ar Hoto

A cikin shekara ta 1841 wani Baturen Ingila, Henry Fox Talbot, ya yi rajistar wata dabara ta ɗaukar hoto. Da farko a kan sami uwar hoto, wadda masu sana'ar ke kira negatif. A jikinta kome a juye ya ke, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Sai a ɗora ta bisa takarda mai magani, a danne da gilashi, a shanya a rana. Inda uwar ta ke da duhu haske ba ya ratsawa, inda ta ke garau kuwa sai ya ratsa ya rina takardar. Da haka hoto ke fitowa daidai, kuma uwa guda ta kan haifi 'ya'ya da yawa.

Shekara guda bayan wannan, watau 1842, abokinsa Sir John Herschel ya gano wani magani na gishirin ƙarfe iri biyu. In an shafa shi a takarda, rana ta buge ta, aka ɗauraye da ruwa zalla, sai hoto ya fito shuɗi kamar zanen da aka tsamo daga marina. Wata mace masaniyar tsire-tsire, Anna Atkins, ta riƙa shimfiɗa ciyayin teku bisa irin wannan takarda tana shanyawa. A 1843 ta fara fitar da su a littafi, ba ta gama ba sai 1853. Shi ne a ke ɗauka littafi na farko da aka yi wa zane da hoto. A 1873 kuma William Willis ya yi rajistar takardar filatinam, wani farin ƙarfe mai tsada, wadda hotonta ba ya koɗewa.

Amma duk waɗannan takardu suna da aibi guda. Nauyin ji gare su, ba abin da ke motsa su sai hasken rana ko fitila mai ƙarfi irin nasa. Saboda haka da ƙyar a ke iya faɗaɗa hoto a kansu. Galibi sai uwa ta zama daidai girman hoton da a ke so. Mai son hoto kamu biyu, sai ya sungumi akwatin hoto mai cin gilashi kamu biyu.

To, zamani ya juya. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da ƙaramin akwatin Kodak, a 1925 kuma Jamusawa suka fito da Leica, wadda uwar hotonta ba ta wuce inci ɗaya da rabi ba. Aka sami sabuwar takarda mai saurin ji, wadda a ke faɗaɗa ƙaramar uwa a kanta cikin ɗaki mai duhu. Yaƙin Duniya na Farko kuma ya sa filatinam ya yi wuya, gama ana bukatarsa wajen aikin albarushi. Sannu a hankali aka yi watsi da tsofaffin dabaru. Maganin Herschel ya tsira ne a ofisoshin injiniyoyi kawai, inda a ke juyar taswirar gini da shi.

Abin mamaki, na'urar da ta karya kasuwar fim ita ce ta tashe su. A 1995 wani mai hoto Ba'amurke, Dan Burkholder, ya wallafa littafi a kan yin uwar hoto da kwamfuta. Ga yadda a ke yi yanzu. Sai a shigar da hoto cikin kwamfuta, ko da na wayar hannu ne, a juya fari ya koma baƙi, a daidaita duhunsa gwargwadon maganin da za a yi aiki da shi, don kowane magani da irin uwar da ya ke so. Sa'an nan a buga shi da tawada bisa wata leda garai-garai, a girman da aka ga dama. Daga nan kwamfuta ta gama nata. Sauran aiki na hannu ne: a dama magani, a shafa da burushi, a shanya, a wanke, kamar yadda aka yi a 1842. In uwar ta lalace, sai a buga wata.

Amfanin wannan ba kaɗan ba ne. Hoton da ke cikin waya ya kan tafi ran da wayar ta mutu ko ta ɓata, in ba a adana shi wani wuri ba. Shuɗɗan takardun Anna Atkins kuwa suna nan a ɗakunan ajiya na Ingila da Amurka, sun haura shekara 170, ana ganin kowace jijiya ta ciyawar. Shi ya sa mai son hoton tsohonsa ya kai ga jikoki ya kan koma ga rana da ruwa da gishirin ƙarfe. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.